Babi na Shida: Gonar Ƙuma

Kawuna ya ajiye aikin gwamnati a Yamai, ya kwaso komatsansa a bayan babbar mota ya komo gida Dogon Dutsi, tafiyar kilomita wajen 275, kuma a cikin kayan har da kare. Ba a taɓa ganin irinsa a unguwarmu ba. Karen Jamus ne, kunnuwa a tsaye, gashi tuli kamar an lulluɓa masa buzu. Yara suka yi ta leƙe ta saman darni. Aka sa masa suna Zaki. Da bazara ya iso, saboda haka wahalarsa ta farko zafi ce, yini yake yana haki, har ya gano wa kansa wuri mai sanyi a ƙarƙashin rumfar randuna, inda ƙasa ba ta bushewa. Nan ya tona ɗan rami ya mai da shi gado. Kowa ya ce karen nan da wayo yake. Ashe gona yake share wa ƙuma.

Da damina ta kankama, wajen tsakiyar Agusta, lokacin malka, sai Zaki ya daina barci. Susa da ƙafa, cizon gindin wutsiya, birgima a ƙasa. Gashin ƙugunsa ya zube, fatar ta yi ja tana tsattsafo da ruwa. Jikokin gidan kuwa, duk wanda ka duba idon sawunsa sai ka ga ƙuraje jajaye, biyu-biyu, uku-uku, a jere. Inna ta ce sauro ne. Amma yaran cikin sange suke kwana. Ranar da Kawu ya zauna a tabarma da farar riga ya ga baƙaƙen ɗigo suna tsalle a cinyarsa, gardama ta ƙare.

Abin da yawancinmu za mu yi shi ya yi. Ya aiki yaro wurin masu tebur a kasuwa, aka sayo piya-piya a ƴar kwalba marar takarda, ya tsiyaya a bokiti, aka yi wa kare wanka. Ƙuma kam ta zube, ba ƙarya. Kafin la'asar shi ma karen ya zube: yawu na dalala, jiki na kyarma, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ga zawo. Allah ya sa wani ma'aikacin kiwo yana kusa. Ya zo a kan babur, ya sa aka wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, ya yi masa allurar atirofin, ya jira, ya ƙara. Zaki ya tashi. Bayan mako biyu ƙuma ta dawo kamar an yi mata gayya.

"Likita, wane irin abu ne wanga?" in ji Kawu. "Maganin da ya kusa kashe kare bai kashe ƙuma ba?"

"Ya kashe, Alhaji. Wadda ka gani ya kashe. Ina karen ga yake kwana?"

Aka kai shi rumfar randuna. Ya duƙa ya ɗebo ƙasar ramin, ya watsa a kan farar takarda, ya ce mu matso. A cikin ƙasar akwai fararen ƙwayoyi kamar gishiri, da baƙaƙe kamar garin masoro, da wasu ƴan tsutsotsi sirara da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna mutsu-mutsu suna gudun haske. Sai ran nan na san ƙuma tana da tsutsa.

A babin da ya wuce mun ga kaska, wadda ke maƙale wuri guda har ka kama ta da yatsa. Sha'anin ƙuma daban yake, kuma duk wanda bai san yadda take yaɗuwa ba zai ƙarar da kuɗinsa a banza. Da zarar ta macen ta hau dabba ta sha jini, kwana ɗaya ko biyu ta fara ƙwai, kuma tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana guda. Ƙwan kwarkwata mannewa yake a gashi. Na ƙuma sumul yake, ba ya riƙe komai, duk inda dabba ta kwanta ko ta girgiza jiki nan yake zuba. Kare mai ƙuma kamar mai shuka ne riƙe da ƙwaryar iri, yana tafe yana watsawa. Cikin ƴan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta nutse cikin ƙasa, ko tsagar daɓe, ko saƙar tabarma. Abincinta shi ne wancan baƙin garin, wato kashin manyan ƙuma, wanda busasshen jini ne kawai. Uwa tana sama tana sha, tana zubo wa ƴaƴanta abinci ƙasa. Bayan mako ɗaya ko biyu tsutsar ta saƙa wa kanta ɗan gida na zare, irin yadda tsutsar tsamiya ke yi, mai danƙo, yashi ya manne masa har ba ka bambance shi da ƙasa. A ciki take rikiɗa. Magani ba ya ratsa gidan nan da sauƙi, kuma ba ta gaggawar fitowa. In yanayi ya yi mata daɗi, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma mako biyu zuwa uku ne. In babu abin ciza kusa, sai ta zauna ciki har watanni tana jiran motsin sawu, ko ɗumin jiki, ko numfashi.

Shi ya sa masu ƙaura zuwa tunga da damina suke da labari iri ɗaya, ko a Matankari ko a Geshame. An kulle ɗaki a gari, mussa ta shiga ta taga ta haihu a bayan buhuna, ta kwashe ƴaƴanta ta tafi. Da kaka mai ɗaki ya dawo ya buɗe ƙofa, taku uku sai ƙafarsa ta yi baƙi ƙirin har ƙwauri. Wasu har su ce jifa ne. Babu jifa, ƙumar da ta daɗe tana jira ce ta ji sawu. Masu binciken ƙwari suna ƙiyasta cewa a gidan da ta kama, manyan da ke jikin dabba ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sauran kashi 95, ƙwai da tsutsa da masu jira a gidan zare, duk suna ƙasa. Kawu ya kusa kashe karensa ne a kan kashi biyar.

To, a nan mu mutanen Arewa muna da wani gata da mai kare a Turai zai biya kuɗi mai yawa ya samu. Tsutsar ƙuma raguwa ce. In laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 bushewa take, in zafi ya wuce digiri 35 mutuwa take. Duk wanda ya taka yashin Dutsi ba takalmi da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa ya haura 40, ya san babu ƙwai ko tsutsar da za ta yi awa guda a filin tsakar gida. Wata bakwai ko takwas na shekara rana da iskar rani suna yi mana feshi kyauta. Ƙuma tana ƙetare rani ne a ƴan tsibirai: gindin randa, ƙarƙashin rumbu, cikin akurki, kusurwar garken awaki inda fitsari ke jiƙa taki, bayan makewayi, zauren da ba a buɗewa. A garuruwan da ke cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa da ƙasa kuma lambunan dankali da albasa ke shan ban-ruwa duk rani, tsibiran sun fi yawa, kuma karen mai lambu da ke kwana a bakin rijiya ba ya samun hutu. Ruwan farko na sauka, iska ta yi laima, sai ta bazu daga waɗannan wurare ta cika gida. Saboda haka lokacin yaƙi da ita shi ne lokacin sharar gona, tun tana takure a wuri biyar ko shida da za ka iya nunawa da yatsa.

Aikin ba mai wuya ba ne, naci yake so. A kankare ƙasar saman makwancin kare da ta garke da ta akurki, kamar kaurin yatsa uku, a kai gona a baza a rana. Taki ne mai kyau, kuma ƙumar ba za ta dawo da ƙafa ba. A kwarara tafasasshen ruwa a wurin, a bari ya bushe, a zuba sabon yashi. Sharar ɗaki kuwa kada a tara ta a juji bayan katanga, a ƙone ta, nesa da rumbu da darni. Tsofaffinmu sukan baza kara a ƙasan garke su cinna wuta, kuma dabarar tana aiki, sai dai na san gidan da ya rasa hatsin shekara a kan haka, don haka na fi natsuwa da ruwan zafi. Tabarmi da barguna da buhunan shimfiɗa a fitar da su rana tun hantsi har la'asar, a kakkaɓe, a juya. Abin da ke wankuwa a wanke da ruwan zafi. A ɗakin siminti, tsaga da ƙarƙashin gado da bayan akwati su ne maɓoya. A share, a goge da ruwan sabulu, a liƙe tsagar. Mai kafet a falo shi ya fi kowa aiki, don kafet ga tsutsar ƙuma kamar fadama ce.

In kana so ka san ko kana cin nasara, ajiye faranti da ruwan sabulu a ƙasa da dare, ka haska masa ƴar tocila daga sama. Ƙuma tana tsalle wajen haske ta faɗa ciki, sabulu ya hana ta fita. Wannan ba ya ƙarar da ita, ma'auni ne: in yau ka ƙirga talatin, mako mai zuwa goma, ka san kana kan hanya. Kuma kada ka karaya in bayan mako biyu ka ga sababbi. Masu jira a gidan zare ne ke fitowa. Sai an yi wata uku ana shara da shanya ba fashi kafin a ce an gama.

Sai shi kansa karen. Karnukanmu na gida, da dogayen karnukan farauta na Azawak da Buzaye ke ji da su, gashinsu gajere ne, kwance a fata, in ƙuma ta gilma a cikin kare kana ganinta, shi ma haƙorinsa yana kai mata. Karen Jamus da ire-irensa riga biyu gare su: dogon gashi mai kauri a sama, da wani mai laushi kamar auduga a ƙasa. An yi shi don sanyin wata ƙasa. A nan wannan audugar ita ce dajin ƙuma, inuwa da laima da maɓoya, kuma ita ke tare duk maganin da aka zuba daga sama. Kana iya shafa bayan karen ka ce lafiya lau, alhali ɗaruruwa na ƙasa. Hanyar dubawa ita ce ka tsayar da shi a kan farin ƙyalle, ka tsefe gashin gindin wutsiya da mara da hammata da wuya zuwa baya, har ka ga fata. Baƙin garin da ya zubo ka ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja, jini ne, ƙuma na nan ko ba ka ga ko ɗaya ba.

Ma'aikacin kiwon nan ya nemi mataji mai ƙananan haƙora, irin na fitar da kwarkwata. Babu a gidan sai na Inna, kuma aka ɗauko ba ta sani ba. Ya fara da babban mataji ya warware cukurkuɗaɗɗen gashi, ya cire audugar da ta mutu har ta cika kwano, sannan ya bi da ƙaramin, layi-layi kamar mai kitso, yana tsoma shi a ruwan sabulu bayan kowane ja. Wajen wanka ya ce a fara yi wa wuya zobe da kumfa, don in ruwa ya taɓa jiki ƙuma kai take gudu, ta shige kunne da gefen ido. A jiƙa har fata, abin da ke cin lokaci a irin wannan gashi, a bar kumfar minti biyar zuwa goma, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe sarai, domin danshin da ya kwana a ƙarƙashin auduga shi ke zama gyambo. Sabulun wanka na gida ya isa ya kashe waɗanda ke jiki a ranar, amma ba ya hana na gobe hawa. Kawu ya so a yi wa karen ƙwal-kwabo a huta. Aka hana shi: fatar da ba ta saba da rana ba ƙonewa take, ƙuda ya samu wurin sauka. Rage tsawo da almakashi da yawan tsefewa sun wadatar.

Magungunan da aka yi don wannan aiki suna nan, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Akwai na ɗigawa a fata, masu sinadarin fifuronil ko imidakulofirid, a ƴar roba mai awo daidai da nauyin kare, wata-wata. Kuskuren masu kare mai gashi shi ne su matse robar a saman gashi. Dole a buɗa gashin ƙeya har a ga fata, a ɗiga a kanta, in kare babba ne a raba wuri biyu ko uku a bin gadon baya, kuma kada a yi masa wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan. Akwai kuma na haɗiya, irin su NexGard na wata guda da Bravecto na mako 12, waɗanda ke bin jini, saboda haka kaurin gashi bai dame su ba. Su suka fi dacewa da irin Zaki, sai dai tsada, kuma sai a manyan birane ake dacewa da su. Karen da ke farfaɗiya ba a ba shi sai likita ya yarda. Kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, mataji da wanka su ne nasa. Allurar ibamektin da makiyaya suka ɗauka maganin komai ce tana aiki a kan tsutsar ciki da ƙazuwa, amma ba ta taɓuka abin kirki a kan ƙuma. In an je wurin likitan dabbobi, ko na gwamnati ko na asibitocin dabbobi masu zaman kansu da ke aiki da mataimaka a ƙauyuka, a yi wa karen rigakafin hauka a tafiya guda.

Abin da ke kan tebur a kasuwa kuwa, a yi hattara. Piya-piya sinadarin dikulobos ne, dangin gubar da ke tsayar da jijiya, yana shiga ta fata da numfashi, kuma bai san kare ba bai san yaro ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalabensa irin su Sniper saboda yawan mutuwar mutane. Mu da ke maƙwabtaka da Kabi, daga Tibiri zuwa iyaka ba nisa, kaya iri-iri suna shigo mana, kuma RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ta sha bayyana cewa da yawa daga magungunan ƙwari da ke kasuwanninmu ba su da amincewar kwamitin Sahel mai tantance su a ƙarƙashin CILSS. Hodar ƙwari mai famatirin, wadda mata ke barbaɗa wa kaji, tana iya kashe mussa. Amitaraz na wankan shanu na kaska ne, kuma yana ɗaure cikin doki. Fifuronil ɗin ma, na gona daban, na kare daban, ba a sa wa zomo, ba a sa wa kaji masu ƙwai. A 2017 miliyoyin ƙwai aka janye daga kasuwannin Holan da Beljiyam da Jamus saboda an fesa shi a gidajen kaji. Kananzir da baƙin mai da ruwan taba duk gyaran gangar Auzinawa ne. Ganyen dogon yaro, wanda ya cika titunanmu, shi ne na gargajiyar da zan iya tsaya masa: sinadarin da ke cikinsa, musamman a ƴaƴan, yana hana tsutsar ƙwari girma. A dafa a yi ɗauraya da shi, a baza busasshe a makwanci. Taimako yake yi, ba ya ɗaukar yaƙin shi kaɗai.

Kuma yaƙin na gida ne gaba ɗaya. Ƙumar da ke kan kare ita ce ke hawa mussa, ita ce ke hawa ƴan awaki da ƴan tumaki. Ta mace tana shan jinin da ya ninka nauyinta har sau 15 a rana, to ka lissafa ɗari biyar a jikin ɗan akuya ɗan mako biyu. Mata da yawa sun rasa ƴaƴan jar akuya da damina suna cewa iska ce, alhali da sun ɗaga leɓe sun ga dasashi fari fat kamar takarda da sun gane jini ne ya ƙare. Ƙumar kaji wata iri ce, ƙarama, mai kafewa a zanko da gefen ido ba ta motsi, takan kuma jeru a bakin kunnen kare. Man kaɗe ko basilin da aka shafa da kauri yana toshe mata numfashi. Wani abin kuma, in kare yana cizon jikinsa ya haɗiye ƙuma, yakan kamu da tsila, sai ka ga gutsattsarinta kamar shinkafa a gindin wutsiya. Yaro mai rarrafe ma yana iya haɗiya. Don haka maganin tsila yana tafiya tare da na ƙuma.

Kusu da gafiya su ma suna da tasu, kuma ita ce mai baƙin tarihi. A 1898 wani likitan Faransa mai suna Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙumar ɓera ce ke ɗaukar annobar nan mai kumbura kaluluwa daga ɓera zuwa wani jiki. Annobar ce ta auka wa Dakar a 1914 har Turawa suka fake da ita suka kori baƙar fata zuwa unguwar Madina, ita ce kuma ta kashe mutum fiye da 200 a Madagaskar a 2017. Ba cutar da muke fama da ita ba ce a Arewa, amma ta bar wa ma'aikatan lafiya wata ƙa'ida da ke da amfani a kowane gida mai rumbu: a fara da ƙuma kafin ɓera. In ka zuba guba ɓeraye suka mutu, ƙumarsu tana barin gawa da zarar ta yi sanyi, ta nemi jiki mafi kusa.

Kawu, da yake mutumin zaure ne, shi ya tuna mana cewa ko a Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, an yi rangwame a kan jinin ƙuma a tufafin salla, ba a wajabta wanke shi ba sai in ya yi yawa. Ya ce ka ga ke nan shekara dubu malamai suna susa. Littafin nan ne kuma ya taƙaita ajiye kare ga gadin gona da kiwo da farauta, abin da maƙwabta ba su fasa tuna masa ba. Amsarsa kullum ita ce awakinsa goma sha biyu, Zaki makiyayi ne.

An zuba tsakuwa a gindin randuna, an kewaye rumfar da ƙaya. Zaki ya koma gindin dogon yaro na gabas, inda rana ke duka har hantsi, a kan wani ɗan gado da aka ɗaure da itace aka shimfiɗa masa buhu, buhu biyu ana musanyawa, ɗaya na ƙarƙashinsa ɗaya na kan darni yana shan rana. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu yana zama da kwanon ruwan sabulu yana tsefe shi. Da malkar shekara ta gaba ta zo, farantin da muka kwana da shi a zaure ƙuma biyu ya kama. Inna dai ta gano inda matajinta ya shiga, ta ce ko an wanke shi da ruwan Zamzam ba ta so, sai da Kawu ya sayo mata sabo da turmin atamfa a kai.